Wanda ya kira 911 bai zaɓi motar da za ta zo ba

Majalisar dokokin Amurka ta yi wa majinyata rabin aski. A Disambar 2020 ta zartar da dokar No Surprises Act, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, don hana asibitoci da likitoci aiko wa mai inshora takardar kuɗi ta ba-zata bayan jinyar gaggawa. Har jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar majinyaci an sa a ciki. Motar ɗaukar marasa lafiya kuwa, wadda ita ce ke zuwa ƙofar gidan talaka, aka tsame ta, aka miƙa zancenta ga wani kwamiti. A 2024 kwamitin ya ba da shawarar a hana wannan caji, kada kuma abin da majinyaci zai biya ya wuce dala 100. Har yau majalisa ba ta mayar da shi doka ba.

Dattijo ya faɗi a ɗakin girki, hannu a ƙirji. Matarsa na kuka ta buga 911, lambar kiran agajin gaggawa. Shin a wannan halin za ta tsaya tambayar ko motar da aka turo tana da yarjejeniya da kamfanin inshorarsu? Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso, an rubuta ragowar kuɗin da inshora ta ƙi biya. Binciken da KFF, cibiyar nazarin harkokin lafiya, ta yi a 2021 ya nuna kusan rabin irin waɗannan tafiye-tafiye na masu inshorar kamfani haka suke, babu yarjejeniya.

Masu motocin na kukan cewa inshora ba ta biyansu yadda ya kamata, kuma da yawansu na ƙananan hukumomi ne da 'yan kwana-kwana. To sai su je su yi rigimarsu da kamfanonin inshora, ba da mutumin da ke kan gadon ɗauka ba.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu cewa a bar wa jihohi. Colorado da New York da California sun yi nasu dokokin, gaskiya ne. Amma wata dokar tarayya ta 1974 ta hana jihohi taɓa tsarin inshorar da manyan kamfanoni ke biya wa ma'aikatansu daga aljihunsu, kuma yawancin ma'aikata masu inshorar wurin aiki a nan suke. 'Yan majalisa sun san da haka sarai. Rahoton kwamitin na kan teburinsu. Su ɗauko shi su ƙarasa askin.