Waƙar Disturbed da rarrabuwar kan Amurkawa

Na karanta wani labari kan waƙar "Divisive" da ƙungiyar mawaƙan heavy metal mai suna Disturbed ta birnin Chicago ta fitar a 2022 game da yadda kawunan Amurkawa suka rarrabu, kuma ban yarda da masu cewa irin wannan kiɗa hayaniya ce kawai ba. Gaskiya ne kiɗan heavy metal yana da tsananin ƙara, ga jita mai lantarki tana kururuwa, ga ganguna ana dukansu ba sassauci, amma wannan zafin ya dace da halin da ƙasar ta shiga. A ranar 6 ga Janairun 2021 magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar dokoki a Washington, suna farfasa tagogi, domin hana tabbatar da nasarar Joe Biden. Kafin nan annobar korona ta mayar da sanya takunkumi alamar jam'iyyar da mutum yake bi, har wasu 'yan gida ɗaya ba sa ga maciji da juna.

Abin da ya fi damuna shi ne rawar shafukan sada zumunta. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa takardun cikin gida da suka nuna cewa sauyin da kamfanin ya yi wa tsarinsa a 2018 ya ƙara yaɗa rubuce-rubuce masu tunzura jama'a. Saboda haka mawaƙin Disturbed David Draiman yana da hujjar ɗaga murya, musamman da faifan da ke ɗauke da waƙar ya fito a Nuwamban 2022, kwanaki kaɗan bayan zaɓen tsakiyar wa'adi.