Lodi ne ke kifar da tirela, ba gudu kaɗai ba

Wani rahoto kan wata tirela da ta kife, har mutane suka rasu, ya ɗora laifin a kan gudun direba. Da gaskiyarsa, amma ni ina ganin ya tsallake babban abin: lodi.

Kamfanin da ya ƙera mota ya ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, kuma a kan wannan lissafin aka yi birki da sifirin. Mu kuwa da ta iso sai a kai ta wajen mai walda ya ƙara wa bodi tsawo, a ƙara ganyen sifirin, birkin kuma yana nan yadda ya zo. A jibga buhunan masara har su haura bodi, a ɗaure da igiya, sannan mutane su hau can ƙololuwa su zauna. Nauyi ya koma sama ke nan, kwana kaɗan ta karkace. A doguwar gangara kuma birki ya ɗau zafi ya daina kamawa, direba na takawa mota na tafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Titi ma yana ji a jikinsa. Injiniyoyi sun daɗe da auna cewa idan aka ninka nauyin layin taya sau 2, ɓarnar da yake wa kwalta takan kai ninki 16. Wanda ya bi hanyar Mokwa zuwa Jebba ya ga yadda kwalta ke lotsawa daidai sawun taya.

Direba dai yaron mai mota ne, in ya ƙi lodin gobe a ba wani makulli. Don Allah hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sa sikeli tun daga kasuwannin da ake lodi, kamar Dawanau, tarar kuma ta hau kan mai mota da mai kaya.