Taka mutum ba tausa ba ce

Wanda ya ɗora bidiyon ƙaton nan da ya hau bayan dattijo da ƙafa biyu, wai tausar zamani, ya ji tsoron Allah ya sauke shi. Tun jiya ake yaɗa shi a Katsina, har ana neman lambar mutumin. Baba na nishi a kan tabarma, yatsunsa sun damƙe gefenta, shi kuwa yana cewa jijiya ce ke warwarewa.

Tausa da ƙafa akwai ta, ban musa ba. A Kerala ta Indiya igiya ake ɗaurewa a rufin ɗaki, mai tausar ya riƙe. A Amurka sanduna biyu ake kafawa a saman gadon. Dalilin ɗaya ne: ya rataye nauyinsa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da jiki zai ɗauka, tafin ƙafa ya bi tsokar gefen baya, ba ya taɓa ƙashin baya. Ƙaton bidiyon nan me ya riƙe? Ko bango bai dafa ba. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, biyun ƙasa ba su haɗe da ƙashin ƙirji ba, kuma a nan ƙoda take. Nan ya sauke diddigensa!

Kada wani ya ce min ai mun taka wa kakanninmu baya. Kana ɗan shekara biyar ka yi, kuma Kaka da kanta take cewa sauka haka nan.

Idan babu abin riƙewa, a koma ga hannu. Tausa mai zurfi da babban yatsa da gwiwar hannu ta fi gano inda tsoka ta ƙulle, musamman wuya da kafaɗa. Ka ce "nan ne", a sassauta. Jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ya wuce. Mai ciki, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko da sandunan ma ba a taka su. Don Allah a kai Baba wajen likitocin gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya a duba shi.

Su kuma 'yan Keke Napep masu haɗiyar diclofenac kullum da safe ba su karya ba saboda ciwon baya, maganin nan yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Masu kemis sun sani, suna ta sayar musu.