Game da rahoton binciken Shimomura

Assalamu alaikum. Na gode da wannan rahoto kan marigayi Osamu Shimomura, masanin Japan da ya ƙarar da rayuwarsa wajen gano yadda halittun teku ke fitar da haske, sai dai kun taƙaita wahalar aikin. Daga 1961 ya riƙa zuwa gaɓar Friday Harbor a Amurka yana kama jelifish, wasu halittun teku masu taushin jiki da ke fitar da haske, ana yanke gefen jikinsu ana matsewa a ƙyalle don a samo sinadarin da ke ba da hasken. Da ya zubar da ruwan gwajinsa a wurin wanke kaya, inda ruwan teku ya taɓa shi, sai ya ga walƙiyar shuɗin haske, daga nan ya gane cewa sinadarin kalsiyam ne ke kunna shi. Wani furotin (sinadarin da ke cikin jikin halittu) na daban mai koren haske da ya gano a jikin jelifish ɗin ya kuma bayyana a 1962 ya jira har 1994 kafin wani masani, Martin Chalfie, ya sa shi cikin tsutsa mai rai, kuma sai a 2008 su biyun suka sami kyautar Nobel tare da wani masanin, Roger Tsien. Yanzu da wannan furotin masana ke bin sawun ƙwayoyin cutar daji. Mu iyaye a nan Agege, da teku a kusa da mu, ya kamata mu daina hana yaranmu karatun kimiyyar sinadarai don kawai ba ya kawo kuɗi da wuri.