Katangar da Jamusawa suka gina saboda 1933

Jama'a, duk lokacin da aka yi zaɓe a Jamus sai na ga wani ya tambaya: me ya sa jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa take samun ƙuri'u haka, amma kowa na gudunta kamar mai kuturta? A zaɓen Fabrairun 2025 ita ce ta zo ta biyu da kusan kashi 21 cikin ɗari, duk da haka Friedrich Merz, jagoran ɓangaren da ya zo na ɗaya, ya tsallake ta ya kafa gwamnati da SPD da ta zo ta uku.

Sai an koma 1933 za a gane. Da yawa suna zaton juyin mulki Hitila ya yi. Ina! Shugaban ƙasa Hindenburg ne ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, masu ra'ayin riƙau suna ganin za su sa masa linzami su juya shi yadda suke so. Ba a cika wata biyu ba majalisa ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai. To wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Shi ya sa manyan jam'iyyu suka yi alkawarin ba su ba AfD, abin da suke kira Brandmauer, wato katangar tare gobara. Ku dubi jihar Thuringia da ke gabashin ƙasar a 2020. An zaɓi Thomas Kemmerich firimiya da taimakon ƙuri'un AfD, Merkel, shugabar gwamnati a lokacin, tana can Afirka ta Kudu ta ce wannan abu ba ya yafuwa. Kwana uku mutumin ya yi murabus. Dama tsarin mulkin 1949 ya ba kotun tsarin mulki da ke birnin Karlsruhe ikon haramta jam'iyya, ta kuma yi hakan a 1952 da 1956. Musanta kisan Yahudawa kuwa laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Ni dai a ganina katangar ta fara tsagewa, kuma daga gabas. Mutanen can ba Hitila kaɗai suke tunawa ba. Sun yi shekara arba'in ƙarƙashin 'yan gurguzu a tsohuwar Jamus ta Gabas, 'yan leƙen asirin Stasi na bin diddiginsu har cikin gida. Yau in 'yan siyasar Balin suka ce "wannan jam'iyya ba ta zaɓuwa", wasunsu tsohuwar muryar nan suke ji, mai gaya musu abin da za su yi tunani. A 2024, a Thuringia ɗin nan dai, AfD ta zo ta ɗaya da kusan kashi 33.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: tunawar tasu tana da zaɓe. Willy Brandt, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya durƙusa a Warsaw don tunawa da Yahudawan da aka kashe tun 1970, amma kisan ƙare dangin da sojojinsu suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, sai a 2021 gwamnati ta amsa shi da sunansa. Ko a nan ma kuɗin da ta yi alkawari, Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, ta ce tallafin raya ƙasa ne, ta ƙi kiransa diyya.