Kuɗin Kafin Alƙalami Bashi Ne a Wuyan Ɗan Kwangila

Ina aikin lissafin kuɗi a wani ƙaramin kamfanin gine-gine a Ingila, kuma tun ina gida Najeriya na san 'yan kwangila da dama, wasu 'yan uwana ne. Abin da na gani a wuraren biyu shi ne, da wuya rashin aiki ya kashe ɗan kwangila. Yawanci yana durƙushewa ne ayyuka na hannunsa, saboda ya cakuɗa kuɗin wannan gini da na wancan har ya kasa sanin wanne ke kawo riba, wanne ke cinye ta.

A gida, ana sa hannu a kwangila sai a ba da kuɗin kafin alƙalami. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ma ta amince da shi, inda a lokacin ta ƙayyade kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kwangilar. Tsarin ba shi da laifi, domin mutum ba zai sayi siminti da rodi da bakinsa ba. Matsalar tana wajen yadda ake kallon kuɗin. Da zarar sun shigo asusu, sai a biya bashin tsohon aiki, a sauya mota, a taimaki dangi, kuma duka daga asusu guda wanda shi ne na kamfani, shi ne na cefanen gida. Kafin gini ya kai linta kuɗi sun ƙare, sai a fara neman sabuwar kwangila don a ƙarasa tsohuwa. Ana haƙa sabon rami ne ana cike tsoho da ƙasarsa. Alhali kuɗin nan na mai gini ne har ranar da suka zama bango da rufi.

A nan Ingila tsarin ya sha bamban. Galibi sai ka yi aiki tukuna, mai ƙididdigar gini ya zo ƙarshen wata ya auna abin da aka kammala, sannan a biya ka. Ko a nan ma ba a ba ka duka: ana riƙe kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a sakar maka rabi idan an gama gini, sauran kuma sai wa'adin gyaran kurakurai ya wuce. Idan kai ƙaramin ɗan kwangila ne da ke aiki ƙarƙashin babba, ana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aikin hannunka a kai wa hukumar haraji, kashi 30 idan ba ka yi rajista ba. Wanda ke cikin wannan matsi dole ya san inda kowane fam ya shiga. Shi ya sa kowane gini yake da lambarsa, kuma ko buhun ƙusa aka saya, rasidinsa na tafiya ƙarƙashin lambar. Duk wata muna zama mu kwatanta abin da aka kashe da darajar aikin da aka yi. Wannan zaman shi ne na fi so 'yan kwangilarmu su ɗauka, domin yana tona asara tun tana ƙarama.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. A Janairun 2018 kamfanin Carillion, na biyu a girma a harkar gini a Birtaniya, ya rushe da bashin kusan fam biliyan 7, alhali tsabar kuɗin da ke hannunsa fam miliyan 29 ne kacal. Yana rubuta ribar da bai karɓa ba, yana sa ƙananan 'yan kwangila jiran biya har kwana 120. Manyan akantoci ne ke duba littattafansa, amma hakan bai hana ba. Cutar iri ɗaya ce da tamu.

Kuma ina tausaya wa ɗan kwangilar gida, don abin da yake fuskanta ya fi na nan tsanani. Dokar gini ta 1996 ta ba ɗan kwangilar Birtaniya damar kai ƙorafin biya gaban mai sasantawa, a yanke hukunci cikin kwana 28. Namu kuwa yana iya gama aikin gwamnati ya yi shekaru yana zarya da fayil. Bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, kayan gini sun yi tashin da ya cinye ribar kwangiloli masu yawa da aka ƙulla kafin lokacin. Amma wannan ƙarin dalili ne na riƙe lissafi. Wanda ba shi da rasidi da kwanan wata, da me zai nemi a sake duba farashin kwangilarsa?

Ba sai an sayi manhaja mai tsada ba. A raba asusun kamfani da na gida, maigida ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai, kowane gini ya samu littafinsa, a rubuta ladan birkila da kafinta da leburori ranar da aka biya su. Kuɗin haraji da kuɗin da aka riƙe a ware su gefe, kada a lissafa su cikin abin kashewa. Riba kuwa a jira a miƙa makulli, a biya mai siminti da mai rodi, sannan a ƙirga abin da ya rage.