Kush na wanki da shaddar Gwaggo

Duk wadda ta san ni a unguwar Bukoki ta Yamai ta san wa'azina a kan kush na wanki, wato ƙyallen da ake ɗaura wa jariri a wanke a sake ɗaurawa. A sayi na auduga zalla guda 20 zuwa 24 in ana son wanki bayan kowane kwana biyu, a haɗa da wandon roba huɗu ko biyar, tunda sabon jariri sai an canza masa cikin awa biyu zuwa uku. Sabon ƙyalle kuma ba a ɗaura shi daga leda, sai ya sha wanki uku ko huɗu man audugar ya fita, sannan ya fara shan ruwa. Ƙyallen nan mai kamar soso da ake cusawa ciki kada ya taɓa fata, busar da ita yake yi. Karatun da nake ja wa mata ke nan ranar sunan ɗiyar ƙanwata, ana rumfa, ana jiran shinkafa.

Sai Gwaggo ta ce a miƙo mata mijinta, wato jaririn ɗana. Na miƙa. Tana cikin sabuwar shadda ruwan madara, bugaggiya, ko zama ta yi sai kin ji ƙararta. Ta ɗora shi a cinya tana ta yi masa tsiya wai bai kawo cefane ba. Ni kuwa na juya na ci gaba, har da ɗaga yatsa: "Wallahi in kin ɗaura shi daidai, ko ɗigo ba ya fita."

Ban rufe baki ba Gwaggo ta yi shiru. Ta ɗaga yaro sama da hannu biyu. Fitsari ne ke zuba ta ƙafar wandon, ba ɗigo ba, zuba. Shaddar ma da yake sabuwa ce ta ƙi sha, sai ya taru a cinyarta ya kwanta, yana rawa. Dukanmu muka zuba masa ido. Ta ɗan motsa gwiwa, ya sami hanya, ya gangara ta bakin zane ya faɗa cikin takalminta na hagu. Muka ji ƙararsa. Yaro yana sama yana dariya, sannan ya yi wani nishi da kowace uwa ta san fassararsa. Na yi wuf zan karɓe shi, ashe na makara. Na mai shan nono ne, ruwan ƙwai, ya sauka daidai kan aikin wuyan riga.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ko ɗigo?"

Wannan ma da sauƙi. Maƙwabciyata ce ta ƙona mini rai, wadda ke da ƴan biyu. Matar da ke tura yaranta su zubar da Pampers a bakin kwata, awaki su yi ta ja har ƙofar gidana. Matar da ke matsar da shanyata gefe in na ɗan leƙa kasuwa, ta baza zannuwanta a igiyar da ni na saya a kasuwar Katako, ni na ɗaura. Ita ce ta tashi har da gyara ɗankwali, ta buɗe jaka ta zaro Pampers guda ta miƙo mini a gaban kowa: "Ungo, Malama, kafin a ƙarasa darasi." Kuma na karɓa, don na canjin da na zo da su duk wankinsu ɗaya da wancan.

Da na koma gida na bi sawu. Na ɗauko busasshen ƙyalle na zuba masa ruwa cokali ɗaya, ruwan ya dunƙule ya mirgina ƙasa. Ƙanwar maigida ce ta taya ni wanki, ta tsiyaya ruwan nan mai ƙamshi na laushin kaya don ta burge ni. Shi maigidan kuma duk dare yana lafta wa yaro basilin. Su biyun aikinsu ɗaya, rufe zaren auduga suke yi da maiƙo har ya daina sha. In dole sai an shafa mai, a shimfiɗa siririn ƙyalle tsakani.

Gyaransa wahala ce kawai. Ruwan zafi wajen digiri 60, garin sabulu kaɗai, a cuɗa, a ɗauraye har kumfa ya ƙare ƙaf, a sake, har ruwan cokali ya nutse nan take. Ragowar sabulu ma ita ke kawo zarni da jan fata. Audugar a baza ta a rana, rana ke cinye tabo. Wandon roba kuwa inuwa, don zafin Yamai na watan Afrilu yana kashe robar ƙafa ya tsattsage rufin ciki.

Shaddar tana wurin masu bugu, ni zan biya. Maigida ya ce shi bai ga laifin basilin ba, da shi aka rene shi. Ƙanwarsa tana fushi wai ban gode ba. Ƴan biyu kuma jiya an aiko su karɓar bashin Pampers.